Gyaran Asibiti Da Mutane A Cikinsa: Yadda A Ke Fid Da Ɗakin Awo Da Ofis

Wannan takarda an shirya ta ne domin Hakimai da malamansu na ƙasar Haɗejiya, tun ba ma na gundumar Kaugama da maƙwabtanta ba. Maganar da ke cikinta ita ce yadda za a fid da ɗakin awo da ofis a cikin ƙaramin asibitin da ke aiki, ba tare da an rufe shi ba, ba kuma tare da an cuci marasa lafiyar da ke zuwa ba. Ɗakin awo shi ne inda a ke duba jini da fitsari da majina da bayan gida da madubin likita da sauran na'urori, don a san cutar da ke jikin mutum kafin a ba shi magani.

Da yawa daga cikin ɗakunan shan maganin da ke ƙasar nan an gina su ne bisa tsarin zamanin En'e, watau ɗaki ɗaya na malamin asibiti, da sito, da baranda inda mutane ke jira. A shekarar 1976 aka yi gyaran mulki, aikin En'e ya koma hannun ƙananan hukumomi. A 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano, tana da ƙananan hukumomi 27 yanzu, da mazaɓu 287. Sa'an nan a 2014 aka sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami asibiti ɗaya mai aiki sosai. An fara sa kuɗin a kasafi a 2018. To, asibitin da za a ce yana aiki sosai tilas ya kasance da wurin awo, da wurin ajiye takardu da yin lissafi. Ginin da aka gada kuwa ba shi da ko ɗaya. Sabon gini yana da tsada, rufe asibiti wata uku kuma ba ya yiwuwa, gama haihuwa ba ta jiran magini. Saboda haka abin da ya fi faruwa shi ne a gyara tsohon gini mutane suna ciki.

Hakimi ba shi ne ke ba da kwangila ba a yau, ba kuma shi ke biyan ɗan kwangila ba. Wannan aikin ƙaramar hukuma ne da hukumar lafiya ta Jiha. Amma injiniya yana zuwa ne daga Dutse ko Haɗejiya ya duba ya koma, Hakimi da dagatansa kuwa suna nan dare da rana. In bango ya tsage, ko mata suka daina zuwa awon ciki, ƙofar Hakimi za a fara zuwa.

Dalilin ɗakin awo

Ba kowane zazzaɓi ne na cizon sauro ba. Tun shekarar 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kada a ba mutum maganin zazzaɓin cizon sauro sai an gwada jininsa an tabbata. A ƙasar fadama kuma akwai tsargiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka da kamun kifi da aikin shinkafa a ruwan da ke da dodon koɗi. Ƙwan tsutsar ana ganinsa sarai a fitsari da madubin likita, aikin da bai kai rabin sa'a ba. Akwai tarin fuka, wanda ba a rabe shi da sauran tari sai an duba majina. Akwai mata masu ciki da jininsu ya yi ƙasa, ba a sani ba sai ranar haihuwa. A 2021 cutar amai da gudawa ta yi ɓarna a Arewa, Jigawa kuwa tana cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Mutumin Marke ko Yalo ko Hadin da aka ce masa ya tafi babban asibitin Haɗejiya don awon da za a iya yi masa a mazaɓarsa, sai ya lissafa kuɗin mota, da yinin gona da zai rasa, da halin hanya in damina ta yi nisa. Sau da yawa ba ya zuwa. Sai ya tsaya wurin mai kemis ya sayi abin da ya samu.

Bangon da ke ɗauke da kaya

Abu na farko, wanda ya fi kome hatsari, shi ne fasa bango. Bango iri biyu ne. Akwai wanda ya raba ɗaki da ɗaki kawai, ba ya ɗauke da kome sai nauyin kansa. Galibi da bulo mai inci 6 a ke yinsa. Akwai kuma wanda katakon rufi ya hau kansa, ko dakali na kankare, galibi mai inci 9. Ido ba ya rabe su daga ƙasa, domin filasta da fenti sun rufe su duka. Sai an hau cikin silin an ga inda katako ya zauna. Ko kaurin bulo ma ba hujja ba ne, gama an sha gyara tsofaffin gine-gine ba bisa zane ba, har bangon da aka yi don rabo ya zama shi ke riƙe da rufi.

Birkila mai gaggawa yakan ce, “Ranka ya daɗe, ƙofa ce kurum za mu huda.” To, ƙofa a bangon da ke ɗauke da kaya ba ƙaramin aiki ba ce. Ana fara tokare rufin da sanduna masu ƙarfi ta ɓangarorin biyu. Sa'an nan a yanke gurbin da za a zuba linta, watau gungumen kankare mai rodi a ciki wanda ke kwanciya bisa ƙofa, ya hau bango aƙalla inci 6 ta kowane gefe. A bar shi ya yi ƙarfi, mako biyu zuwa uku, kafin a janye tokaran. Bayan haka ne a ke fasa abin da ke ƙarƙashinsa. Wanda ya fara da fasawa ya ce zai sa linta daga baya, ya juya aikin ne, kuma a ɗakin da ke maƙwabtaka da shi akwai mutane a kwance.

Ran 12 ga Satumba, 2014, wani masaukin baƙi na wata majami'a ya rushe a Ikotun, cikin Ikko, mutum 116 suka mutu, yawancinsu baƙi daga Afirka ta Kudu. Ana ƙara wa ginin benaye ne alhali mutane suna kwana suna cin abinci a ƙasa. Binciken da kotu ta yi a 2015 ya nuna ginin ba shi da izinin hukuma, kuma ƙarfinsa bai kai nauyin da aka ɗora masa ba. Asibitin ƙauye ba bene ba ne, amma dokar nauyi ɗaya ce. Tankin ruwa mai lita 1,000 in ya cika nauyinsa ton ɗaya ne, ban da nauyin tankin. Ɗakin awo yana bukatar ruwa, saboda haka ana yawan sha'awar ɗora tanki bisa bangon tsohon gini don a huta da gina masa hasumiya. Kada Hakimi ya yi shiru in ya ga haka. Tanki ya sami ƙafafunsa dabam, a waje.

Ƙasar Kaugama iri biyu ce, kowa ya sani. Akwai jigawa mai rairayi, akwai kuma laka ta wajen fadamar kogin Haɗejiya. Laka tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsattsage da rani, tana ɗaga harsashi tana sauke shi kowace shekara. In za a ƙara ɗaki a jikin tsohon gini a irin wannan ƙasa, tsohon ya riga ya zauna, sabon kuwa zai nutsa kaɗan, sai tsaga ta fito daidai mahaɗarsu. Maganin wannan injiniya ya san shi: a zurfafa harsashi, a bar ɗan rata tsakanin gini biyu a cike shi da abu mai laushi. Abin da injiniya bai sani ba shi ne inda ruwa ya tsaya a shekarun ambaliya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar kogin ta sāke, kachalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, har ruwa yana shiga inda dā ba ya zuwa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ba su fita daga zukatan mutanen ƙasar Haɗejiya ba. Ya kamata malamin Hakimi ya tara dattawa su nuna masa a jikin bango ko itace iyakar inda ruwa ya kai, ya auna, ya rubuta, ya ba injiniya tun kafin a yi zane. Daɓen ɗakin awo, da batura, da firiji, su kasance sama da wannan alama.

Zaɓen ɗaki

Yawanci sito a ke mayarwa ɗakin awo, don shi ne ɗakin da ba kowa a ciki. Wannan dalili bai isa ba. Sito an yi shi ne da 'yar taga ɗaya don tsoron ɓarayi, ɗakin awo kuwa yana son haske da iska mai ratsawa, taga ta fuskanci taga. Ana son ya kasance a ƙarshen gini, nesa da ɗakin haihuwa da inda a ke yi wa jarirai rigakafi, da ƙofarsa ta kansa ko wata 'yar taga da za a miƙa kwalba a karɓi takarda, don kada kowa ya shiga. Mai tari ba ya tofa majinar awo a cikin ɗaki. A waje ya ke yi, a fili, ta inda iska ba za ta kai wa masu jira ba. A tuna iskar hunturu daga arewa maso gabas ta ke zuwa, ta damina kuwa daga kudu maso yamma.

Tebur na kankare ya fi na katako, a lulluɓe shi da tayil ko wani abu mai santsi da ba ya shan ruwa. Inda a ke aiki a tsaye tsayinsa wajen ƙafa 3, inda a ke zama a duba madubi wajen ƙafa 2 da rabi. Kwamin wanki biyu a ke so, ɗaya na rini da kwalabe, ɗaya na wanke hannu kusa da ƙofa. Ruwan da ya fito daga ɗakin awo ba a sakinsa a kwata ya bi titi inda yara da awaki su ke. Yana da nasa rami rufaffe, nesa da rijiya ko burtsatse da aƙalla ƙafa 100. A fadama inda ruwan ƙasa ya ke kusa, a ƙara nisa.

Kada a ɗauka wannan tsanani ne na Turawa. Zazzaɓin Lassa an fara gane shi ne a 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, bayan ya kashe ma'aikatan jinya. Aka aika da jini Jami'ar Yale a Amurka. Can babban masanin da ke binciken, Dokta Jordi Casals, ya kamu, da ƙyar ya tsira, wani ma'aikacin ɗakin awo kuwa ya mutu a wannan shekara. A 1970 Dokta Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke a hannu wajen binciken gawa. In haka ta faru ga ƙwararru masu kayan aiki, ɗakin awon da aka haɗa da inda malamai ke cin abinci fa?

Sai maganar zafi. A watan Afrilu da Mayu zafin ƙasar nan yana wuce digiri 40. Akwai na'urar awon tarin fuka mai suna GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a Disamba 2010, tana ba da amsa cikin sa'a biyu. Amma ba ta son zafin ɗaki ya wuce digiri 30. Ba kowane ƙaramin asibiti ne zai same ta ba, amma ko 'yan katunan gwajin zazzaɓi da ruwan rini zafi yana lalata su, su ba da amsar ƙarya, wadda ta fi rashin amsa sharri. Don haka ɗakin da bangonsa ke fuskantar yamma, rana tana dukansa daga azahar zuwa magariba, bai dace ba sai an yi masa rumfa ko akwai inuwar itace. Darbejiyar da ke harabar asibiti kada a sare ta don a sami wurin zube yashi.

Ƙura

Mu mutanen ƙasar hunturu ne, mun saba da ƙura har ba mu ɗauke ta a bakin kome ba. Amma ƙurar da ke fitowa daga tsohon silin da fasasshen bango dabam ta ke da ta hanya. A cikinta akwai ƙwayar wata irin funfuna wadda mai lafiya ke shaƙa bai sani ba, amma ga wanda tarin fuka ya riga ya huda wa huhu, ko jaririn da bai cika wata ba, ko yaron da tamowa ta kama, tana iya zama a huhu ta tsiro. Likitocin ƙasashe da yawa sun rubuta labarin marasa lafiya da suka mutu ta wannan hanya lokacin da a ke gini a asibitocinsu. A cikin silin kuma akwai kashin jemage na shekara da shekaru, da fitsarin ɓera da kashinsa, ɓera kuwa shi ke ɗauke da zazzaɓin Lassa. Ranar da za a buɗe silin, ɗakin da ke ƙarƙashi da na kusa da shi su zama ba kowa, lebura ya rufe hanci da baki, a yayyafa ruwa mai bilic kafin a share. Tsintsiya a busasshiyar ƙasa ta da ƙura kawai ta ke yi.

Akwai kuma asbesto. Gine-ginen gwamnati da yawa na shekarun 1960 zuwa 1980 an yi musu silin, wasu har da rufi, da faranti mai launin toka wanda aka haɗa da siminti da zaren wani dutse. Muddin yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba, cutarsa kaɗan ce. In aka sa masa zarto ko aka farfasa shi, zaren yana tashi, ido ba ya ganinsa, ya maƙale a huhu, ciwon kuwa ba ya bayyana sai bayan shekara 20 ko 30 ko fiye, kuma sankara ce wadda ba ta jin magani. Ingila ta hana amfani da shi ɗungum a 1999. In ya zama tilas a cire, a jiƙa shi, a kwance ƙusoshi, a sauke shi ɗai-ɗai ba a fasa ba, a naɗe, a binne inda duba-gari ya nuna. Abin da a kan gani shi ne mutanen gari su kwashe gutsattsarin su rufe akurkin kaji ko makewayi, yara kuma su yi allo da shi. Shela ɗaya daga bakin dagaci ta isa ta hana wannan.

Kafin a ɗaga guduma, a raba wurin aiki da sauran asibiti da katanga ta falanki ko leda mai kauri, daga daɓe har silin, a liƙe gefunanta. Tabarma ko zana ba ta tare ƙura. Leburori su sami ƙofarsu dabam, ko da ta taga ce, kada baro ya bi ta barandar masu jira. Yankan bulo da tayil da kwaɓa siminti a waje, ta bayan iska. Baraguzai a jiƙa, a kwashe kullum da yamma, kada su kwana.

Lokaci da jerin aiki

Damina ba lokacin buɗe rufi ba ce, kuma ita ce lokacin da asibiti ya fi cika, daga Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da zazzaɓi ke kan yara. Kaka kuwa leburori suna gona. Abin da ya fi shi ne a fara bayan an kai amfanin gona gida, a gama kafin ruwan farko. Illar hunturu ɗaya ce: busasshiyar iska tana shanye ruwan kankare da filasta kafin su kama, sai su yi gari. Saboda haka a riƙa ba su ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a lulluɓe da buhu jiƙaƙƙe. Kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai kwana 28.

Ba a taɓa ɗaki biyu gaba ɗaya. A gama ɗaya, a share, a wanke, a koma ciki, sa'an nan a saki na biyu. Tun kafin farawa shugaban asibiti da ɗan kwangila da kwamitin raya mazaɓa su zauna gaban Hakimi su yarda a kan wane ɗaki zai ƙaura, zuwa ina, ran nawa ga wata, malami kuma ya rubuta. In ana bukatar wurin aro, gara a nemi ɗaki a makaranta lokacin hutu ko zauren wani mai hali a mai da duba marasa lafiya na yau da kullum can. Ɗakin haihuwa shi ne ba ya rufuwa ko dare ɗaya. Aiki mai ƙara a yi shi bayan azahar in an sallami jama'a, a kuma ɗaga shi ranar awon ciki da ranar rigakafi da ranar kasuwa.

Firijin allurar rigakafi yana riƙe da sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Mai gyaran lantarki da ya zo jan waya zuwa sabon ɗaki yakan yanke wuta, ko ya sauke farantin hasken rana don kafinta ya hau rufi, ya tafi salla ya manta. Allurar da ta yi zafi kamanninta ba ya sākewa, za a yi wa yara ita, uwaye su koma gida suna zaton an kare 'ya'yansu daga ƙyanda, alhali ba a yi kome ba. Garin neman gira ke nan a rasa ido. Kada a taɓa wayar firiji sai malamin rigakafi yana tsaye, ya riga ya kwashe allura cikin akwatin ƙanƙara ko ya kai asibitin da ke kusa. Kuma kada a jona na'urorin sabon ɗaki a kan baturan firiji. An auna su ne daidai nauyinsa shi kaɗai.

Akwai wata magana da ba ta cikin zanen injiniya, Hakimi kuwa ya fi kowa saninta. Samari leburori goma, ba riga, suna kai da kawo a bakin ɗakin da mata ke awon ciki, wannan ya isa ya sa magidanta su hana matansu zuwa. An yi shekaru ana lallashin mutane kafin su yarda da haihuwa a asibiti, wata biyu kuwa ya isa a koma gidan jiya. A kafa shinge mai tsawo, a ba mata hanyarsu, a yi wa leburori makewayinsu dabam, kada su kwana a harabar asibiti. A sa liman ya faɗa ranar Juma'a cewa asibiti yana aiki, ga ƙofar da za a bi.

Ofis

Maganar ofis gajeriya ce. Ɗaki mai ƙafa 10 da 10 ya isa. Bango na bulo har sama ya fi falanki, don abin da a ke faɗa wa mutum game da jininsa asiri ne, kada na baranda ya ji. Rijista da katuna a kan kanta ta ƙarfe wadda ta ɗaga daga ƙasa, ba ta jingina da bango ba, saboda gara da danshi. Takardu su fara ƙaura kafin kowane aiki, a ɗaure su bisa shekara, a ƙidaya, a kulle. An sha ganin katin marasa lafiya a hannun mai ƙosai bayan an gama gyaran asibiti.

Littafin malamin Hakimi

Kowace kwangilar gwamnati tana da takardar da ta jera abin da za a yi da adadinsa: ƙofa nawa, taga nawa, irin kwano, kaurin rodi. A Jigawa akwai hukumar da ke tantance kwangiloli da bin diddiginsu a Dutse. Ya kamata malami ya nemi kwafin wannan takarda ta hannun kwamitin mazaɓa, gama wanda bai san abin da aka yi alkawari ba ba zai san abin da aka rage ba. Sa'an nan ya buɗe littafi, shafi ɗaya kowace rana: buhun siminti nawa ya shigo, me aka yi, wa ya zo dubawa, ran da aka zuba linta da ran da aka janye tokara. Kwaɓin kankare da aka saba shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa, sai in injiniya ya rubuta wani abu dabam. Bulo kuwa a ɗaga shi daidai ƙugu a saki; in ya watse, yashi ne aka shafa wa siminti. Rodi a dube shi kafin a zuba kankare, don bayan an zuba ba mai sāke ganinsa. Tsohon kwano da ƙofofi da katakon da aka cire dukiyar hukuma ce, a ƙidaya a rubuta inda aka kai su.

Malami ba injiniya ba ne, kada ya yi gardama da birkila a kan sana'arsa, kada kuma ya ba da umurni a sāke wani abu a zane. Abin da ya gani ya rubuta, ya kai wa Hakimi, Hakimi ya rubuta wa shugaban sashen ayyuka da na lafiya na ƙaramar hukuma, ya ajiye kwafi. Abu biyu ne kaɗai ba a jira musu takarda: in aka ga ana fasa bango ba tokara, ko sabuwar tsaga ta buɗe tana ƙaruwa. Nan take a fid da mutane daga ɗakin, a aika a kira injiniya.

Ranar karɓar aiki kada a tsaya ga fenti. A buɗe kowane famfo a ga inda ruwan ya fita, a kunna kowace fitila, a gwada kowane makulli, a zuba bokitin ruwa a daɓe a ga ko yana kwanciya. A tambayi hukumar lafiya sunan ma'aikacin da za a turo da ranar zuwansa, da madubin da kayan awo. Awon nan ba aikin kowa ba ne. Tun 2003 akwai majalisa ta ƙasa da doka ta ɗora wa rijistar masu yinsa, kuma ɗakin da aka gama ba a turo masa mai aiki ba, kafin shekara ya koma sito. A bisa al'adar kwangila ana riƙe wani kaso na kuɗin, galibi kashi 5 cikin ɗari, har wata 6 bayan gamawa, don ɗan kwangila ya dawo ya gyara abin da ya ɓaci. Aikin da aka karɓa a watan Maris, wa'adinsa zai cika a Satumba, watau ruwan Agusta ya gwada rufin ke nan. Wanda aka karɓa a Nuwamba kuwa wa'adinsa zai ƙare rufin bai ga ɗigon ruwa ba, don haka Hakimi ya roƙa a rubuce a jinkirta sakin ragowar kuɗin har damina ta sauka, malami kuma ya shiga ɗakin awo da ofis da kansa bayan ruwan farko mai ƙarfi, ya duba silin da gindin bango, ya rubuta abin da ya gani da kwanan wata.